Shekarar da Na Tona Asirin Babanku a Ciyayya

Na san abin da ake faɗa muku idan kun je Argungu gaisuwar Sallah. Ba a faɗinsa a gabana, amma yana biyo ku gida tare da busasshen kifin da ake ba ku tsaraba, kuma ya fi kifin daɗewa yana wari. Ana ce muku uwarku mace ce mai ilmi, ba a hana ta wannan ba, sai dai hannunta ba ya da mai: ta ramar da ubanku har wuyan riga ya yi masa yawa, sannan ta fito zaure ta tozarta shi a gaban maza. Na tsufa ina koya wa 'yan aji cewa ba a yi wa amsa jan biro sai an karanta tambaya. Danginku na wajen uba sun yi mini jan biro tun daga sama har ƙasa ba su karanta komai ba. To ga tambayar nan, ku karanta da kanku.

A wancan zamani garinmu Birnin Kebbi bai zama hedikwatar jiha ba. Muna jihar Sakkwato, kuma duk abin da ya fi ƙarfin ƙusa da guduma sai an kai shi can, daga takardar ƙarin girma har gwajin jinin da za a yarda da shi. Ina koyarwa a makarantar firamare, babanku kuwa babban akawu ne a wani ofishin gwamnati, shi ya sa unguwa ba ta san shi da wani suna ba sai Akawu. Ni Malam nake ce masa. Lokacin da aka kawo ni gidansa siriri ne kamar gorar tuƙin jirgi, ɗan manoman shinkafa wanda ya saba zuwa garin Gulma da ƙafa ya dawo kafin azahar. Sai gwamnati ta ba shi kujera, ta ba shi basfa, ta raba shi da ƙafafunsa. Da safe shayi da madarar gwangwani da sukari ƙwaya biyar, da rana shinkafa tana iyo cikin mai, duk baƙon da ya shigo ofis kuma sai an buɗe lemun kwalba an sha tare da shi. Cikin shekara goma ya aje tumbin da yake riga shi shiga ɗaki. Wannan tumbin shi ne aikina guda ɗaya da dangin miji suka taɓa ba ni cikakken maki a kansa, alhali ba ni na yi shi ni kaɗai ba.

Dole in bayyana muku ciyayya, domin kun tashi a gidajen da kowa yake rufe ƙofa ya ci nasa. A layinmu gida bakwai ne. Da an sallame Magariba sai magidanta su shimfiɗa tabarma a ƙofar Alhaji Bawa mai albasa, wanda ya fi kowa shekaru da murya, ƙofarsa kuma tana jikin zaurenmu. Kowane gida ya fito da kwanonsa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Al'ada ce mai kyau, ba zan ɓata ta ba: wanda bai samu cefane ba ranar nan zai ƙoshi ba tare da kowa ya nuna ya lura ba. Amma ga mace jarrabawa ce ta kowace rana wadda ba a barin ta shiga ɗakin da ake yi. Kowa ya san kwanon kowa daga murfi, kuma sakamako yana tsallako katanga kafin ki wanke tukunya.

Ni na fara lura da ciwon. Malam ya koma shan ruwa kamar sabuwar randa, buta ba ta hutawa, ga gajiya ba aikin fari. Wata safiya na ga kiyashi sun yi layi a bayan gida daidai inda ya kama ruwa. Na taɓa karanta wannan a littafin kiwon lafiya tun ina kwalejin horon malamai, har na ci shi a jarrabawa, ban san wata rana zan same shi a tsakar gidana ba. Sai da na yi wata guda ina naci kafin ya yarda ya je Sakkwato, shi ma ya fake da cewa fayil zai kai. Ya dawo da la'asar, ya zauna bakin gado, ya ciro takarda daga cikin hularsa ya miƙo mini. Ciwon sukari. Likita ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a bar sukari da lemu, a rage shinkafa da mai sosai, a koma wake da ganye da kifi da ɗan tuwon dawa, a yi tafiyar ƙafa kullum, a kuma kula da ƙafa kamar ido. Ina gama karantawa ya karɓe takardar.

"Ki rantse min ba ki hwaɗa ma kowa," in ji shi.

"Malam, ciwo na, ba sata ba."

"An kai sunana Sakkwato, kin sani. Wa ka ba majinyaci babbar kujera? Kuma kin san abin da aka cewa ga namijin da ad da sukari. Ba ni zama abin nuni bakin masallaci. Ki rantse."

Na san abin da ake cewa. Ana cewa mai sukari ya daina zama namiji, sauran sai rawani. Na dubi mutumin da ban taɓa gani yana tsoro ba, na ce wallahi ba zan faɗa wa kowa ba. Na yi kuskure da yawa a rayuwata, amma wannan ne kaɗai na yi da sunan Allah a bakina.

Abin da har gobe yake ba ni haushi shi ne abincin da likita ya rubuta ba daga Ingila aka zo da shi ba. Tuwon dawa ne da miyar sure, wato yakuwa, kwaɗon zogale, dafaffen wake, gasasshen kifin gulbi. Da shi aka yaye babanku, da shi kakanninsa suka yi noman fadama har suka tsufa da haƙoransu. Amma tunda albashi ya shigo gari an sake masa suna, ya koma abincin wanda ba shi da hali. Tafiyar ƙafa ma haka. Ran da ya fara fita da ƙafa bai kai kasuwa ba sai da mutum huɗu suka tsaya da babur suna tambayar ko basfa ta lalace, na biyar ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali ko an dakatar da shi daga aiki. A garin nan mutum mai albashi ba ya tafiya sai da dalili, lafiyarsa kuwa ba dalili ba ce. Dole ya ari 'yan fangali na albasa a fadama ta wajen hanyar Ambursa, don ya samu abin cewa idan an gan shi bayan Asuba. Albasar ba ta taɓa yin kai ba, amma mai ita ya samu sauƙi. Cikin wata uku ƙishirwa ta ragu, ya koma barci, ya daina haki in ya sunkuya ɗaura takalmi, tumbin ya fara sauka.

Matsalar ita ce ciyayya. Ba zai iya daina fita ba, domin wanda ya janye kwanonsa kamar ya ce ya fi ƙarfin unguwa ne. Za ku ce me ya hana in yi girki biyu, mai maiƙo na waje, marar mai na ɗaki. Na yi wannan tunanin. Amma mutum ba zai zauna cikin maza ya naɗe hannu ba, sai ya ci wani abu, kuma idan duk kwanonin bakwai masu cutar da shi ne, me zai ci? Sai na yanke in fitar da irin abincinsa, ya ci nasa sosai, na sauran ya taɓa don ladabi. Na san da sunana nake wasa. Ban san wasan zai yi tsawo haka ba. Daga zaure ina jin komai.

"Akawu," in ji Alhaji Bawa, yana ƙwanƙwasa murfin kwanona, "yau ma boko ta hana a sa mai? Wanga tuwo ko gidan yari sai an yi mai bore."

"Miyar ta yi karatu, Alhaji," wani ya ce. "Ba ka gani ba ta da ƙiba?"

Aka yi dariya. Na kasa kunne in ji abin da babanku zai ce. Dariya ya yi tare da su, har tasa ta fi daɗewa. Ban nemi ya tona kansa ba. Da ya ce haka nake son abincina, da ya wadatar. Wannan ma bai iya ba. Kullum kwanona ya dawo da gefe ɗaya kawai a ciye, gefensa, sauran kuma an bar mini shi kamar takardar da malami ya ƙi dubawa.

Sai Hajiya Kulu, matar Alhaji Bawa, ta leƙo ta katanga wata hantsi, da muryar nan mai laushi da ake yanka mutum da ita.

"Malama, in man shanu ya ƙare ki aiko mana, ai ba mu da nisa. Aikin makaranta da yawa, mun sani. Namiji dai ba a barin shi shina bushewa mutane na kallo."

Na ce na gode. Kwana biyu bayan haka kwano na takwas ya bayyana a ciyayya: tuwon shinkafa fari tas, man shanu ya kwanta a kai ana ganin fuska, a aje shi gaban babanku a ce wannan na Akawu ne shi kaɗai, in ji Hajiya. Bayansa kwaryar fura da sukari. In ya ƙi ci, ya raina gidan Alhaji. In ya ci, ya cuci kansa. Ya ci. Da sauran matan suka ji, kowacce ta ce ita ma ba a fi ta tausayi ba, aka shiga gasa. Wannan ta aiko masa da zuma, waccan ta aiko alkaki. Unguwa guda ta tashi tsaye don ta ceci mijina daga hannuna, kuma kowacce tana sa ran lada. Ni kuwa ina ɗaki ina auna masa dawa da ludayi, ana zuba masa guba da kwano a ƙofar gida.

Ga abin da ba su sani ba, ni kuma rantsuwa ta hana ni koya musu: idan sukari ya hau, mutum ramewa yake yi komai yawan abin da ya ci. Ramar farko ta lafiya ce, fuskarsa tana sheƙi. Ta biyu kuwa ta ciwo ce, ido ya faɗa, fata ta saki. Suna ƙara ɗura masa, yana ƙara zubewa, suna ƙara tabbata cewa laifina ne. Labari ya hau mota ya tafi Argungu, mota ta dawo da Inna.

Inna, kakarku, mace ce mai ƙarfin hali, kuma ina faɗin haka ba da gatse ba. Ita ta riƙe gonakin gidan bayan rasuwar mijinta. Babanku ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, sai ta ce wancan. Amma da gefen ido tana iya gaya maka nauyinsa fiye da sikeli. Ta sauka da buhun shinkafa 'yar gida, da kwaryar man shanu, da gorar zuma. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta shiga madafa, ta buɗe tukunyata ta rufe.

"Wagga ita ta miya?"

"Ita ta, Inna."

"Ganye da ruwa. Mu can awaki muka ba wanga." Ta juyo ta dube ni. "Ɗiyar nan, mi wancan yay yi miki? In kin gaji da zama ki hwaɗi, a sallame ki da mutunci. Ba a kashe mutum da ludayi."

"Inna, haka shika so."

"Haka kinka sa shi so. Na ba ki shi da wuya awa na bajimi, ki diba abin da kinka maishe shi."

Daga ranar ta karɓe murhu. Da safe masa da zuma, da kunu mai sukari har cokali yana tsayawa. Ta kafa kujera a tsakar gida tana kallon bango har sai ya cinye, domin ba ta kallonsa, amma tana jin ƙarar kwano. Fitar Asuba ma ta soke ta, ta ce ɗan gidansu ba ya yawo a ƙasa kamar wanda jakinsa ya ɓata. Da ta ga duk da haka yana ƙara ramewa, sai ta daina zancen girki ta koma zancen da ya fi shi muni. Na dawo makaranta na tarar an turara ɗakina, an ɗaga katifata, an tone gindin murhu ana neman abin da na binne. Ni da nake ɓoye ƙwayoyinsa cikin gwangwanin alli don kada ta gani, ni ce ake nema da laya. Na same shi a ɗaki na ce ya gaya wa Inna ita kaɗai, uwa ce.

"In Inna ta ji, Argungu ta ji," ya ce. "In Argungu ta ji, Sakkwato ta ji. Ki ƙara haƙuri, takarda ta kusa hitowa."

"Sunana fa, Malam? Ana cewa sammu nay yi maka."

"Magana ta, tana wucewa."

Ba ta wuce ba. Ga ta nan kuna kawo mini ita daga Argungu da jikokina a bayanku.

Ana cikin haka takalmi ya goge shi a babban yatsan ƙafar hagu. Ɗan ƙanƙanin ciwo, wanda yaro zai yi ya manta kafin yamma. Mako guda bai rufe ba, mako biyu ya faɗaɗa, a na uku ya fara ruwa. Ya koma sa safa har cikin gida, ana tsananin zafin bazara, Inna tana cewa gayun 'yan boko ne. Ni nake wanke masa bayan Asuba da ruwan gishiri, ƙofa a rufe. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ba ya jin zafi. Ina dannawa yana kallon rufi. Ran da na ga bakin ciwon ya fara baƙi, wari kuma ya fi ƙarfin turare, na ce masa ya warware mini rantsuwata ko ya tafi asibiti yau. Ya ce in ya kwanta asibiti yanzu an gama da maganar kujera, in bari wata ya ƙare. Na ce yatsan ba ya karanta kalanda. Ya ja safarsa ya hau basfa.

Na yi yinin ranar a aji ban san abin da na koyar ba. Ina auna abu biyu. Idan na yi shiru na cika alkawari, na zama matar kirki, wataƙila kuma matar mai ƙafa ɗaya ko mai takaba. Idan na gaya wa Inna, za ta ce sharri na ƙulla don in wanke kaina, ta ƙara zuma. Babanku ba ya jin maganata, ba ya jin ta likita. Mutanen da yake jin maganarsu a duniya su ne waɗanda yake tsoron dariyarsu, kuma suna zama wuri ɗaya a lokaci ɗaya kowace rana.

Da aka sallame Magariba na ji an shimfiɗa tabarma, na ji ƙarar murafe. Na yafa mayafina na shiga zaure na tsaya bayan ƙyaure. Tunda aka kafa layin nan mace ba ta taɓa sa baki a ciyayya ba. Na yi sallama da muryar da nake tsayar da aji mai yara sittin da ita. Hannaye suka tsaya.

"Alhaji, ku gahwarce ni, magana gare ni."

"Subhanallahi. Malama? Lahiya?"

"Ba lahiya ba. Malam na da ciwon sukari, likita ya tabbatar tun bara. Tuwon da kuka ma dariya, shi na maganinai. Wanda kuka tura mai gaba don tausai, shi ka kashe shi. Kowace loma kunka matsa mai yac ci, kun taya ciwon aiki."

"Koma ciki," in ji babanku. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ƙasa-ƙasa, kamar ta wani.

"Ina komawa. Amma Alhaji, kai na babba. Ka ce ya hidda safa tai ta hagu. In ƙarya nika yi, gobe in tahi gidanmu da ƙahwata."

Sai Alhaji Bawa ya ce, ba wasa a muryarsa ko kaɗan:

"Akawu, hidda safa."

"Alhaji, zancen mata na..."

"Na ji. Hidda ta."

Ban ga abin da suka gani ba, ina bayan ƙyaure. Na dai ji an matso da fitila, na ji wani ya yi salati, na ji wani ya tashi ya koma gefe yana tofar da yawu. Sai muryar Alhaji Bawa, yana faɗa kamar zai yi kuka:

"Kai wane irin mutum na? Muna zuba maka kana ci? Ka maishe mu masu kisan kai muna dariya?"

Da na juya na tarar da Inna tsaye a bakin zaure ta ciki. Ta ji komai. Na zaci za ta tambayi ciwon. Abin da ta ce shi ne:

"Gaban maza. Kin tuɓe shi gaban maza."

Da gari ya waye Alhaji Bawa ya sauke buhunan albasa daga a-kori-kurarsa ya sa katifa, ya kai shi Sakkwato da kansa. An yanke yatsan. Likita ya ce da an ƙara kwana goma da maganar gwiwa ake yi.

Yanzu ga abin da ya biyo baya, domin ban ɗauki biro don in yi wa kaina kirari ba. Duk abin da babanku ya ji tsoro ya faru, ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ya tsara. Kafin a sallamo shi labari ya riga shi zuwa ofis, kujerar ta tafi ga wani, kuma ba a sake kai sunansa ba har ya yi ritaya. Daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa ina kwana, sai ya jiki, a masallaci, a kasuwa, a wurin ɗaurin aure, shekara da shekaru, mutumin da ya fi masu gaishe shi lafiya. A ciyayya aka daina tsokanarsa, wanda ya fi tsokanar ciwo. Da an buɗe kwanona sai a tura masa gabansa a janye sauran, yana ci shi kaɗai a tsakiyar mutane kamar mai kuturta. Bai yi wata biyu ba ya daina fita. Ni na raba shi da tabarmar nan, kuma na san abin da take a wurinsa.

Damina guda cur bai yi mini magana ba. Da yake akawu ne, sai ya koma rubuto mini 'yan takardu yana ajewa a kan tebur: a wanke farar riga, ƙwayoyi sun kusa ƙarewa. Ni kuma ina gyara masa kurakuran rubutu ina mayar masa. Na yi kaffarar rantsuwata, na ciyar da miskinai goma kamar yadda shari'a ta ce, na roƙi Allah gafara, domin Shi na yi wa laifi. Wajen babanku ban nemi gafara ba, shi ma bai nemi tawa ba. Wata safiya dai ya tsaya bakin madafa ya ce miyar jiya ta yi, a ƙara irinta, muka ci gaba daga nan. Ya koma fitarsa ta Asuba, ba ya neman wani dalili kuma tunda kowa ya sani, yana tafe da yatsu tara da sanda har bakin gulbi. Da ƙafafunsa biyu ya je ɗaurin auren kowannenku. Sai dai har ya koma ga Allah bai taɓa tara danginsa ya ce musu matar nan ba ta cuce ni ba. Na jira. Ina tsammani ya ɗauka tunda yana raye ai an gani. Ba a gani ba. Mutanen da suka yarda cewa ƙiba ita ce lafiya, ko ka kai shekara ɗari a gabansu siriri, cewa za su yi da an ba ka abinci da ka fi haka.

Inna ta koma Argungu tun yana asibiti, kuma ba ta ƙara cin abin da na dafa ba. In ta zo, da tukunyarta take zuwa. Shekaru bayan haka, da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta aiko a kira ni, ni kaɗai. Na bar aji na hau mota, ina ce wa kaina yau dai za a faɗa. Na same ta da hantsi a ɗakinta, ta ƙanƙance, 'yan'uwan babanku mata sun kewaye ta. Ta sa aka matso da ni, ta kama hannuna da nata mai sanyi.

"Malama," ta ce, "ina son in tahi da zuciya hwara. Abin da kinka yi ma wancan gaban maza, da yunwad da kinka gwada mai, na yahe miki. Duniya da lahira."

Matan ɗakin suka fashe da kuka, suna Allah Sarki Inna, ji haƙuri, ji girma. Duk suka juyo suna jiran in rushe a kan tabarma. Na dubi tsohuwar da ta so ɗanta har ta kusa kai shi kabari, wadda ta tone murhuna tana neman laya, tana miƙo mini yafiya kamar sadaka. Ba wurin gardama ba ne, kuma ni ma an yi mini tarbiyya.

Na ce, "Na gode, Inna."

Ban ce ni ma na yafe ba. Ba ta tambaya ba.